Gwajin daƙiƙa 90: Cutar MS, raguwar saurin tunani, da aikin da Kano za ta iya farawa daga Wudil

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Karar Wudil ranar Juma'a ya san ciniki a can ba ya jiran mai dogon nazari. Dillali yana riƙe da farashin shanu uku a ka, yana sauraron tayin mai saye, yana lissafin la'adarsa, yana kuma karanta fuskar mai dabba, duk a cikin ƙura da hayaniya. Idan ya yi jinkirin numfashi biyu, wani ya riga shi sallamawa. Haka abin yake ga ɗalibar da ke rubuta darasi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ko ɗalibin da ke karɓar umarni a filin faretin Kwalejin 'Yan Sanda da ke garin. Jarinsu ɗaya ne: saurin da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙo, ta tace shi, ta mayar da amsa.

Akwai cutar da ke cin wannan jari a ɓoye, tun mutum yana tafiya da ƙafafunsa, tun fuskarsa ba ta nuna komai ba. Likitoci suna kiran ta MS a taƙaice. A ƙasashen da aka daɗe da saninta, auna saurin tunanin mai ɗauke da ita ya zama aikin yau da kullum, da takarda ɗaya da agogo. Tambayar da ta shafi Kano ita ce me zai hana wannan gwaji mai arha ya iso asibitocin garuruwa irin Wudil, kuma wane aiki ya wajaba a yi kafin makinsa ya zama abin dogaro a kan Bahaushe.

Cutar da ke kwaye rigar jijiya

Da farko, MS ba sikila ba ce, ko da yake cikakken sunanta na likitanci yana kama da hakan a kunne. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Kowace jijiya tana lulluɓe da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Wannan riga ce ke sa saƙo ya yi gudu. A cutar MS, garkuwar jiki tana juyowa ta far wa rigar, ta bar tabo nan da can. Saƙo yana iya isa inda aka aike shi, amma a makare.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya yi wa cutar cikakken bayani a birnin Paris a 1868, kuma tun a lokacin ya lura da cewa marasa lafiyarsa suna fama da raunin ƙwaƙwalwa da jinkirin fahimta. Duk da haka, sama da shekara ɗari likitoci sun fi mayar da hankali ga abin da ido ke gani: tafiya, rawar hannu, dushewar gani. Ma'aunin naƙasa da John Kurtzke ya fitar a 1983, wanda ake amfani da shi har gobe, yana tafiya daga sifili zuwa 10, kuma mafi yawan nauyinsa yana kan iya tafiya. Mutum na iya samun maki mai kyau a kansa alhali ya kasa bin hirar mutum uku a lokaci guda.

Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin MS ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da cutar, mata sun ninka maza, kuma matsakaicin shekarun da ake gano ta shi ne 32. Wato tana kama mutum ne a ganiyar karatu, aure da neman na kai.

Cuta ɗaya, tafiya iri-iri

MS ba ta bin hanya ɗaya. Rabe-raben da masana suka amince da shi a 1996, suka sabunta a 2013, ya bambanta manyan hanyoyinta. Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu cutar suna farawa ne da nau'in da ke tashi ya lafa: ido ɗaya ya dushe, ko ƙafa ta yi sanyi na wasu makonni, sannan abin ya wuce kamar ba a yi ba, sai bayan watanni ko shekaru ya dawo ta wata kafa. A wasu daga cikinsu, bayan shekaru, cutar takan sauya salo ta koma ci gaba a hankali ba tare da lafawa ba. Wannan shi ne nau'i na biyu. Sai kashi 10 zuwa 15 da tun farko cutar ke tafiya da su gaba babu hutu. Akwai kuma matakin farmakin farko, lokacin da ba a riga an tabbatar da cutar ba.

Nau'in da ke tashi ya lafa yana da wani haɗari na musamman a ƙasar Hausa. Tunda alamomin suna gushewa da kansu, duk abin da aka yi na ƙarshe shi ke karɓar yabo, rubutu ne, hayaƙi ne, ko allurar kemis. Sai a ce iska ce ta taɓa yarinya kuma an rabu da ita, a rufe magana, cutar kuwa tana ci gaba da aikinta a ciki.

Raguwar saurin tunani tana bayyana a dukkan waɗannan nau'o'i, sai dai yawanta ya bambanta. Wani nazari da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2020 ya taƙaita cewa ana samun raunin ƙwaƙwalwa a kashi 20 zuwa 25 na waɗanda ke matakin farmakin farko, kashi 30 zuwa 45 na masu nau'in tashi da lafawa, da kashi 50 zuwa 75 na waɗanda cutarsu ta koma ci gaba. A cikin duk ɓangarorin ƙwaƙwalwa da ake aunawa, sauri ne ya fi yawan taɓuwa, shi ne kuma ke fara taɓuwa.

Akwai ƙarin bayani mai muhimmanci. Wani bincike da aka yi a Italiya kan marasa lafiya sama da 1,000, aka buga a 2017, ya nuna cewa idan aka yi la'akari da shekarun mutum da girman naƙasar jikinsa, yawancin bambancin da ke tsakanin nau'o'in yana raguwa. Ma'ana, sunan nau'in kaɗai ba ya gaya wa likita halin da ƙwaƙwalwar mutumin da ke gabansa take ciki. Sai an auna shi, a sake auna shi bayan shekara. Sauyawa daga nau'in farko zuwa na biyu ba ta da ranar da za a nuna. Sau da yawa sai an waiwaya ake ganewa. Makin da ke sauka shekara bayan shekara yana cikin alamomin da ke iya faɗakar da likita cewa cutar na ci gaba ko da babu sabon farmaki.

Takarda ɗaya da agogo

Gwajin da ya fi karɓuwa shi ne SDMT, wanda masanin halayyar ɗan Adam Aaron Smith ya fitar a Amurka a 1973. A saman takarda akwai alamomi tara, kowace an haɗa ta da lamba daga 1 zuwa 9. A ƙasa akwai jerin alamomin a cakuɗe. Aikin mai gwaji shi ne ya rubuta ko ya faɗi lambar kowace alama, da iyakar saurinsa, cikin daƙiƙa 90. Adadin amsoshin da ya samu daidai shi ne makinsa. Da bayani da gwajin share fage, duka aikin ba ya wuce minti biyar. Ga masu MS an fi son a faɗa da baki, domin kada rawar hannu ta shiga cikin sakamakon.

Kafinsa, an daɗe ana amfani da wani gwaji mai suna PASAT, wanda aka ƙirƙira a ƙasar New Zealand a shekarun 1970 domin waɗanda suka bugu a ka. Ana karanto lambobi, ɗaya bayan kowace daƙiƙa uku, mutum yana haɗa kowace da wadda ta gabace ta. Marasa lafiya sun tsane shi saboda yadda yake tayar da hankali, kuma yana fifita wanda ya iya lissafi tun asali. Sannu a hankali SDMT ya karɓe wurinsa.

A 2012 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya tsara taƙaitaccen kunshin gwaji na minti 15 mai suna BICAMS, domin asibitocin da ba su da ƙwararren mai auna ƙwaƙwalwa. SDMT ne ƙashin bayansa, tare da gwaje-gwajen tuna kalmomi da tuna siffofi. A 2018 Ƙungiyar MS ta Amurka ta ba da shawarar a yi wa kowane mai cutar gwajin farko da wuri, a riƙa maimaitawa duk shekara. Masana sun kuma daidaita a kan cewa saukar maki huɗu, ko kashi 10 cikin 100, sauyi ne mai ma'ana a rayuwa, domin bincike ya danganta irin wannan sauka da rasa aiki ko rage matsayi a wurin aiki.

Ya kamata a fahimci iyakar gwajin. Ba ya gano MS. Gano ta aikin likitan jijiyoyi ne, da hoton MRI, wani lokaci da gwajin ruwan laka. Baƙin ciki mai tsanani, rashin barci, gajiya da wasu magunguna duk suna rage maki. Wanda aka maimaita wa takarda iri ɗaya kuma yakan saba da ita, shi ya sa ake sauya tsarin alamomin.

Mudun wani gari

Maki 45 ba shi da ma'ana shi kaɗai. Sai an kwatanta shi da na lafiyayyun mutane masu shekaru iri ɗaya, ilimi iri ɗaya da harshe iri ɗaya. Ma'aunan da aka fara tarawa na Amurkawa da Turawa ne, waɗanda suka saba da jarrabawar fensir da agogo tun suna yara. Shi ya sa masu BICAMS suka shar'anta cewa kowace ƙasa ta tantance gwajin a kan mutanenta, kuma ƙasashe irin su Iran, Brazil da Masar sun yi hakan da harsunansu. Auna mutumin Wudil da ma'aunin birnin New York daidai yake da sayen hatsi da mudun wani gari.

Dalilan suna nan a fili. A Turanci, kowace lamba daga 1 zuwa 9 gaɓa ɗaya ce, in ban da bakwai. A Hausa kuwa, daga ɗaya har tara, kowace gaɓa biyu ce. A gwajin da ake faɗa da baki ana ƙirga daƙiƙa, wannan bambanci kaɗai ya isa dalilin a tara ma'auni na daban. Sannan ma'aunan waje suna ƙirga ilimi da shekarun makarantar boko. Ina za a saka mahaddacin da ya yi shekara goma a makarantar allo, yana karatu daga dama zuwa hagu, ya fi sabawa da lambobin Larabci? Idan aka rubuta shi a matsayin wanda bai yi karatu ba, an yi kuskure. Idan aka auna shi da ma'aunin mai digiri, nan ma an yi kuskure. Kuskuren farko yana ɓoye mara lafiya, na biyu yana maƙala wa lafiyayye naƙasar da ba shi da ita.

Sai zafi. Tun 1890 likitan ido na Jamus Wilhelm Uhthoff ya lura cewa ɗumamar jiki tana tsananta alamomin cutar na ɗan lokaci, kuma binciken baya-bayan nan a Amurka ya nuna masu MS suna samun ƙarancin maki a ranakun da aka fi zafi. A Kano, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, makin da aka ɗauka da azahar a ɗakin da babu wuta ba zai kwatantu da wanda aka ɗauka da hantsi a cikin hunturu ba. Duk tsarin da za a yi a nan dole ya rubuta lokaci da yanayi, har da ko mutum yana azumi.

Najeriya ta taɓa yin irin wannan aiki. Masu binciken cutar mantuwar tsufa a Ibadan, waɗanda suka fara aikin haɗin gwiwa da jami'ar Indiana ta Amurka a farkon shekarun 1990, sun ga cewa tsofaffin da ba su taɓa riƙe fensir ba suna faɗuwa gwajin zane ba don rashin lafiya ba. Sai suka ƙirƙiro gwajin jera tsinken ashana a madadinsa. Dabara ce ta gida da ta gyara kuskuren ma'aunin waje.

Shin ba cutar Turawa ba ce?

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da tushe. Cutar ta fi yawa a ƙasashe masu nisa da tsakiyar duniya. Ƙididdigar 2020 ta nuna sama da mutum 130 cikin kowane dubu 100 a Turai, ƙasa da 10 a Afirka. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, wanda ya yi nazarin cututtukan jijiyoyi a Ibadan, ya ruwaito a farkon shekarun 1970 cewa da wuya ake ganin ta.

Sai dai a wancan zamani babu MRI a ko'ina a duniya, kuma har yau ƙarancin na'urar da na likitoci yana rage adadin da ake ganowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna cewa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna da ƙwararrun jijiyoyi 0.1 ga kowane mutum dubu 100, masu arziki kuwa 7.1. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar. Inda babu mai dubawa, ƙididdiga za ta nuna babu cuta.

Tunanin cewa baƙar fata kariya ce shi ma ya raunana. Wani bincike a kudancin jihar California a 2013 ya gano cewa mata baƙaƙen fata sun fi fararen fata yawan kamuwa. A 2022 kuma mujallar Science ta buga nazarin da masanan jami'ar Harvard suka yi kan bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, wanda ya nuna kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr tana ninka haɗarin MS sau 32. Wannan ƙwayar cuta tana jikin kusan kowane baligi a duniya, har da nan.

A ɗauka, a matsayin lissafin misali kawai, mutum biyar ne cikin dubu 100. A jiha mai mutum miliyan 15, wannan ya kai 750. Ko da rabin haka ne, ɗaruruwan matasa ne, yawancinsu mata. Akwai kuma wata cuta mai kama da MS da ke far wa jijiyar gani da laka, wadda ta fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka, kuma wasu magungunan MS suna tsananta ta. Wannan ya ƙara nuna cewa gwajin takarda ba zai maye gurbin likitan jijiyoyi ba. Aikinsa shi ne ya taimaka a san wanda za a tura gaba.

Mai adawa zai iya cewa jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, tamowa, mutuwar mata wurin haihuwa da annobar mashaƙo irin ta 2023 ba ta da rarar kuɗin cutar da ba ta da yawa. Gaskiya ne, idan maganar MS kaɗai ake yi. Amma saurin tunani yana raguwa a cututtukan da suka cika asibitocin Kano: shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya, cuta mai karya garkuwar jiki, buguwar kai a haɗuran hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Wudil, da sikila, wadda ke haddasa ƙananan raunuka a ƙwaƙwalwar yara ba tare da an lura ba. Ma'auni ɗaya na Hausa zai yi wa dukkansu aiki. Kano kuma ta nuna tana iya bincike mai inganci: a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala aka gudanar da wani ɓangare na gwajin maganin hana shanyewar jiki ga yara masu sikila, wanda aka buga sakamakonsa a 2022.

Naƙasar da doka ba ta gani

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadi aƙalla kashi biyar cikin 100 na guraben aikin gwamnati gare su. Amma a aikace, naƙasa a idon jama'a ita ce sanda, keke ko makanta. Ma'aikaciyar da ke buƙatar minti goma ta gama abin da a da take gamawa cikin uku ba ta da abin nunawa. A ofis a ce ta yi sanyi, a gida a ce son jiki ne, a makaranta ta faɗi jarrabawa ba don ba ta san amsa ba, sai don lokaci ya ƙare mata. Makin da aka auna da ma'auni amintacce shi ne hujjar da za ta iya miƙa wa shugaban ma'aikata ko jami'in jarrabawa ta nemi ƙarin lokaci ko sauyin aiki.

Ta fuskar magani, a Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka magungunan MS guda uku a jerin muhimman magunguna a karon farko: cladribine, glatiramer acetate da rituximab. Saka su a jerin Geneva ba ya kawo su kantin asibiti. A ƙasar da sama da kashi 70 na kuɗin lafiya ke fitowa daga aljihun mara lafiya, sai Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano sun ɗauki nauyi kafin talaka ya gan su. Su kuwa hukumomi ba sa ware kuɗi ga abin da ba a ƙirga ba.

Daga ina za a fara

Wudil tana da abin da irin wannan aiki ke buƙata. Tana da nisan kimanin kilomita 40 daga Kano, kusa da likitocin jijiyoyi na birni. Tana da babban asibiti, jami'a mai masana lissafi da kwamfuta, da kasuwar da ke tara ɗan boko, almajiri, makiyayi da ɗan kasuwa a rana ɗaya. Ma'aunin da aka tara daga ɗaliban jami'a kaɗai zai maimaita kuskuren ma'aunin waje; wanda ya haɗa da mutanen Kara da matan ƙauyukan kewaye shi ne zai wakilci jihar.

Matakin farko shi ne tara makin lafiyayyun mutane, a rarrabe su bisa shekaru, jinsi da irin karatu, boko da allo, da umarnin gwaji da aka tsara da Hausa tare da masana harshe na Jami'ar Bayero. SDMT mallakar kamfanin da ke buga shi ne, saboda haka ko dai a nemi izini, ko a tsara makamancinsa a tantance shi. Bayan haka a horar da ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na manyan asibitoci, a kafa ƙa'idar tura mara lafiya gaba, musamman matashin da ido ɗaya ya dushe masa ko ƙafa ta mutu sannan ta farfaɗo. A ƙarshe a buɗe rajistar masu cutar a matakin jiha, da nau'in cutar kowa da makinsa na shekara-shekara.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabon gini ko kwangilar biliyoyi, wataƙila shi ya sa ba su da mai tallata su a lokacin kasafin kuɗi. Ranar 30 ga Mayu ta kowace shekara ce Ranar MS ta Duniya. Matasan da ke bibiyar kasafin lafiya na Kano suna da tambayar da za su iya miƙa wa Ma'aikatar Lafiya da 'yan majalisar jiha kafin ranar ta zagayo: nawa aka ware domin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma nawa daga ciki zai fita daga birni ya isa asibiti irin na Wudil.